Nazarin lamari: Land Cruiser da take tafasa a rairayi, ta huce a kan kwalta

Motar da aikinta

Motar Land Cruiser ce mai buɗaɗɗen baya, cikin jerin 70 da kamfanin Toyota ya fara fitarwa a 1984. Injinta 1HZ ne, mai shan gas, silinda 6, girmansa lita 4.2. Tun 1990 ake ƙera irin wannan inji, kuma kanikawan Kano sun san shi ciki da bai, saboda babu kwamfuta a jikinsa, babu wayoyi barkatai. Ruwan da yake zagaya shi ya ɗan haura lita 10. Fankarsa ba ta lantarki ba ce, fambel ne yake juya ta, amma akwai kuloci a tsakiyarta wanda yake kama ta idan zafi ya yi yawa, ya sassauta mata idan inji ya huce.

Mai motar ɗan kasuwa ne a Dawanau, yana harkar riɗi da zoɓo. A gwanjon tsofaffin motocin wata ƙungiya ya saye ta. Ta riga ta ci tafiya kafin ta zo hannunsa, amma ba a taɓa buɗe injinta ba, kuma tana da esi mai aiki. Direba ɗaya ne yake jan ta.

Aikinta kala biyu ne. A cikin gari tana kai-komo tsakanin Dawanau da Sabon Gari, ta bi titin Katsina, ta sha gosulon Kurna da Rijiyar Lemo safe da yamma. Ranakun kasuwa kuma sai ta nufi ƙauyukan Ɗambatta da Ɓaɓura, wani lokaci har wajen Maigatari, ta bar kwalta ta shiga burji da rairayi, ta dawo da lodi har saman ƙarfe. Duk wanda ya san wannan yanki ya san rairayinsa, mai laushi ne, mota takan yi tafiyar kilomita da yawa a giya ta biyu, inji na ihu, gudun kuwa bai fi na mai keke ba.

Agusta zuwa Janairu

A watan Agusta, ruwa ya tare hanya a wata fadama, direba ya kutsa. Ruwan ya kai fitilun gaba, jajawur da taɓo. Da ya fita sai ya ji wani abu yana ƙarar kaf-kaf-kaf a gaban inji. Gidan fanka ne, wato zoben nan mai faɗi da yake manne a bayan lagireto ya kewaye fanka, ya tsage ya goce har fukafukan fankar na gogarsa. Wani bakanike na bakin hanya ya kwance shi ya jefa a bayan mota, ya ce ba ya aikin komai, an sa shi ne don kada fanka ta sare wa mutum yatsa. Ƙara ta ɗauke, direba ya biya ya wuce. Bai ga dalilin gaya wa Alhaji mai motar ba, gidan fankar kuma ya ɓace a cikin tarkacen sito.

An wanke motar da aka dawo gari, an feshe gabanta da ruwa, ta fito fes. Sai dai abin da ido yake gani ta gaba kwandensar esi ce. Lagireto yana bayanta, tsakaninsu akwai ɗan rata da bai fi faɗin yatsu biyu ba, kuma ruwan mai wanki bai isa can ba.

Kaka ta shigo, motar ta yi ta ratsa gonakin da aka girbe da masussukai, ƙaiƙayi da ƙarangiya da busasshiyar ciyawa suna shiga ta gaba. Daga nan hunturu ya kawo nasa ƙurar. Duk tsawon waɗannan watanni allurar zafi tana tsakiya, ko gezau. Da safe a Disamba da Janairu iskar Kano sanyi gare ta, ko da rana ma ba ta yi wa inji nauyi.

Ƙarshen Fabrairu: allura ta fara motsi

Karo na farko a rairayi ne, ana dawowa da lodi wajen azahar. Allura ta bar tsakiya ta hau kamar kashi uku cikin huɗu. Direba ya kashe esi, ta ɗan ja baya. Da ya hau kwalta ya taka zuwa 80, cikin 'yan mintoci ta koma mazauninta, ta zauna har Kano. Washegari da safe ya buɗe murfin lagireto, ya ga ruwa ya ɗan ragu, ya cika da ruwan burtsatse na gidan Alhaji.

Bayan mako guda ta sake yi, wannan karon a gosulon Kurna, babu ko buhu ɗaya a bayanta, esi a kunne. Da hanya ta buɗe, ta huce. A ranar ne ya faɗa wa mai motar: "Alhaji, motar nan fa ta fara ɗaukar zafi." Alhaji ya ce a kai ta gareji.

Akwai abin da ya kamata a sani game da allurar irin waɗannan motoci. Ba ta bin zafi digiri-digiri. An tsara ta ne ta zauna a tsakiya muddin zafin yana cikin wani faffaɗan zango, don kada ta riƙa tayar wa direba da hankali. Saboda haka duk ranar da ta ɗaga, inji ya daɗe da barin zafinsa na yau da kullum.

Maris: gyara huɗu a gareji ɗaya

Bakaniken da aka saba kai wa motar bai fita da ita ba. Ya saurari direba, ya ce obahitin ne, maganinsa a cire tamostat, wato 'yar ƙofar da take hana ruwa zagayawa ta lagireto har sai inji ya yi zafi, domin na ƙasashen sanyi ne, mu nan ba ma bukatarsa. Ya kwance, ya cire, ya mayar da murfin da gam, ya cika ruwa. Kwana biyu direba ya ga kamar an dace, domin da safe allura takan daɗe a ƙasa kafin ta taso. Ranar kasuwa ta gaba, a rairayi, ta hau fiye da da.

Aka koma. Wannan karon aka ce lagireto ne ya yi datti. Ba a sauke shi ba. An zare tiyon ƙasa, an zuba garin sabulun wanki ta sama, an tayar da inji, an yi ta ɗura ruwa har kumfa ta daina fita. Ruwan da ya fito ja ne da tsatsa, wanda hakan ya gamsar da kowa cewa an taɓo ciwon. An cika da ruwan famfo. Ba abin da ya canja a gosulo, ba abin da ya canja a rairayi.

Na uku, aka sauya famfon ruwa na inji. Da aka ciro tsohon, fukafukansa lafiya lau, ba ya yoyo, ba ya girgiɗi. An dai sa sabon tunda an riga an saya, aka haɗa da sabon fambel.

Na huɗu shi ne ya fi kusa da inda gizo yake saƙa, ko da yake bai kai ba. Bakaniken ya ce iska ce ba ta isa, ya samo fankar lantarki ta wata ƙaramar mota, ya ɗaure ta da waya a gaban kwandensa, ya ja mata layi kai tsaye daga makulli. Esi ya ƙara sanyi a gosulo, allura kuma ta riƙa jinkirin hawa da 'yan mintoci. A rairayi da lodi kuwa, sai a hankali.

A wannan wata motar ta riƙa shan ruwa kusan lita ɗaya duk ranar da ta fita ƙauye. Babu ɗigo a ƙasa inda take kwana. Direba ya koma yawo da jarka.

Afrilu: ranar da ta tafasa

Afrilu shi ne ƙololuwar zafin Kano da Jigawa, rana takan kai digiri 40 har ta wuce. Wata Alhamis ana dawowa daga wajen Maigatari, lodi ya cika, ƙarfe 2 na rana, motar ta shiga wani dogon rairayi. Direba ya sa ta a taya huɗu amma bai shiga ƙaramar giyar ogzilari ba, yana jan ta a giya ta biyu, ƙafarsa a ƙasa, baƙin hayaƙi na fita. Allura ta taɓa ja. Ya tsaya ya kashe inji nan take. Ba a yi minti ɗaya ba sai tururi ya turnuƙe daga ƙarƙashin bonet, ana jin ruwa yana ɓararraka a cikin inji.

Ya naɗe hannu da tsumma ya murɗa murfin lagireto. Ruwan ya yi tsiri, ya sale masa fatar dantse. Zafin ƙunar ne ya sa ya haƙura ya zauna a inuwa fiye da awa ɗaya kafin ya zuba ruwan rijiya. Wannan jira ya yi wa injin rana, domin ruwan sanyi a kan tof silinda mai zafi yana iya tsaga shi. Sai bayan magariba ya lallaɓo da ita gida.

A gareji aka yanke hukunci ba tare da an gwada komai ba: tof gasket, wato shimfiɗar da take tsakanin tof silinda da gangar jikin inji, ya ƙone, a sauke tof silinda, a kai a goge fuskarsa. Kuɗin da aka faɗa ya fi na gyare-gyaren Maris gaba ɗaya. Alhaji ya ce a dakata. Wani abokin kasuwancinsa mai tireloli ya haɗa shi da wani dattijon bakanike a wajen Ƙofar Ruwa, wanda ya daɗe yana aikin manyan motoci da tarakta.

Kwana biyu na bincike

Dattijon bai buɗe bonet ba sai da ya zaunar da direba a kan benci. Ya tambaye shi yaushe take zafi, yaushe take hucewa, da lodi ko babu, esi a kunne ko a kashe, me aka canja kuma a wane jere. Da direba ya ce a kan kwalta ko da lodi ba ta taɓa yi ba, sai ya sake tambaya don ya tabbatar.

"Ko sau ɗaya?"

"Ko sau ɗaya, Baba. Da na taka 80 shi ke nan."

"To, ɗana, da safe in ka tayar da ita, kana jin fanka ta yi gurnani kafin ta yi shiru?"

Direba ya yi tunani, ya ce da can tana yi, amma rabon da ya ji ya manta.

Duk da haka da gasket aka fara, tunda shi ake zargi kuma shi ne mai tsada. An bar motar ta kwana. Da safe, inji da sanyinsa, aka matsa tiyon sama da hannu, laushi gare shi, babu ragowar matsi. An zare sandar baƙin mai, man baƙi ne, bai koma ruwan madara ba. An cika lagireto har wuya, an tayar da inji ba murfi, an ba shi wuta, babu jerin kumfa masu tasowa. Sai dattijon ya ɗauko wata 'yar kwalba mai ruwa shuɗi, ya kafa ta a bakin lagireto yana zuƙo iskar ciki ta ratsa ruwan. Idan hayaƙin silinda yana kutsawa cikin ruwan inji, shuɗin yakan juye ya koma kore ko rawaya. Bai juye ba. Daga ƙarshe aka ɗaura famfon gwaji a bakin lagireto, aka hura zuwa 0.9, wato matsin da ya kamata murfin lagireto ya riƙe, aka bar shi minti 15, allurar famfon ba ta sauka ba. Babu yoyo a ciki, babu a waje.

Aka juya famfon kan murfin lagireto. A jikinsa an buga 0.9, amma kafin a kai 0.5 ya saki. Robar ƙarƙashinsa ta bushe ta tsattsage. Wannan ƙaramin abu shi ya bayyana inda ruwa yake tafiya. Kano tana kan tudu kusan mita 480 daga teku, ruwa zalla a buɗaɗɗiyar tukunya yana tafasa wajen digiri 98. Idan murfi ya riƙe matsi na 0.9, sai ruwan ya kai wajen 118 kafin ya tafasa. Murfin da yake saki a 0.4 ya zubar da kusan digiri 10 daga wannan rata, kuma duk lokacin da inji ya yi zafi sai ya tura ruwa cikin gorar gefe, ta cika ta zubar a kan hanya, inda ba mai gani.

Da rana ta take, wajen ƙarfe 2, aka sake haifar da matsalar a cikin gareji. Mota a tsaye, esi a kunne, minti 20. Dattijon yana da 'yar bindigar auna zafi, ya haska ta a wuyan ƙarfen da tiyon sama yake kamawa, ta nuna digiri 103. Allurar cikin mota a lokacin ta ɗan gota tsakiya ne kawai. Ya cire wayar fankar lantarkin nan, ya yago takarda daga tsohon littafin rasit, ya ɗora a fuskar kwandensa ya saki. Ta zame ta faɗi ƙasa. Fankar inji tana juyawa, ido yana ganinta, amma ba ta jan iskar da za ta riƙe takarda.

Ya sa aka kashe inji, ya tura fankar da yatsa ɗaya. Ta yi ta wulwulawa ita kaɗai kafin ta tsaya. A wannan zafi, kulocin kirki zai yi tauri, da an saki fankar za ta tsaya. Ya haska tocila a fuskar kulocin, ga wani baƙin danƙo ya bi ta tsakiyarsa ya bazu, ƙura ta manne a kai. A cikin kulocin akwai wani mai mai kauri na silikon, a fuskarsa kuma akwai wani lanƙwasasshen ƙarfe da yake murɗawa idan iska mai zafi daga lagireto ta buge shi, ya buɗe wa man hanya, man ya kama fanka. Man ya tsiyaye, saura kaɗan. Sannan ya nuna ramukan kusoshi huɗu a bayan lagireto, babu komai a cikinsu, ya tambayi direba ina gidan fanka. A nan ne labarin fadamar Agusta ya fito, a gaban Alhaji.

Washegari aka sauke lagireto. Kusan kashi ɗaya cikin uku na fuskarsa, daga ƙasa, a shafe yake da busasshen taɓo haɗe da ƙaiƙayi, ya daskare har sai da aka jiƙa shi kafin ya saki. An ɗaga shi sama ana hango rana ta cikin saƙarsa, rabin sama haske yana wucewa jefi-jefi, ƙasa kuwa duhu. Mai gyaran lagireto ya buɗe tankunansa, aka tarar da bakunan siraran bututun ciki sun kama farin ɓawo, irin wanda yake taruwa a gindin butar mai shayi, wasu sun toshe ɗungurungum. Sabulun wanki ba ya narkar da wannan.

Gyaran, da abin da kowane mataki ya ba da

Ba da gangan aka yi gyaran daki-daki ba, jiran kaya ne ya jawo. Amma hakan ya ba da damar a auna bayan kowane mataki, a wuri ɗaya, a lokaci ɗaya na rana, mota a tsaye da esi minti 20.

Mataki na farko lagireto ne. An wanke saƙarsa daga baya zuwa gaba da ruwa marar ƙarfi, don kada a kwantar da siraran ganyayyakinsa, an zura tsinken ƙarfe a kowane bututu, an rufe tankuna an gwada yoyo. An wanke kwandensa ita ma ta baya tunda wuri ya samu. An cire fankar lantarki gaba ɗaya. An mayar da komai da tsohon kuloci, ba gidan fanka. Awo ya nuna 98.

Mataki na biyu kuloci da gidan fanka. An kawo kuloci biyu na Baljiyam daga Ƙofar Ruwa, dattijon ya juya su da hannu, ya duba fuskarsu, ya mayar, ya ce sabo za a saya. Gidan fanka kuwa na hannu aka samu, mai lafiya. An toshe ratar gefe da ta sama tsakanin lagireto da kwandensa da soso, don iska ta rasa hanyar zagaye. Da aka tayar da inji, fanka ta yi gurnani na ɗan lokaci ta yi shiru, bayan zafi ya taru ta sake kamawa. Takardar rasit ta manne a fuskar kwandensa. Awo ya nuna 89.

Mataki na uku aka mayar da tamostat, na asali mai faifai biyu, aka sa sabon murfi na 0.9. An ɗauraye inji da ruwa mai tsabta har ja ya daina fita, sannan aka zuba kulant, wato ruwan sanyaya inji, wanda aka riga aka haɗa, aka bar inji yana aiki har iskar da ta maƙale ta fita, aka cike gurbinta. An juye baƙin mai da filta, tunda man ya sha zafin da ya wuce ƙa'ida. Awo ya nuna 87, bambanci kaɗan da na baya. Abin da ya canja shi ne da safe inji yana kai zafinsa cikin 'yan mintoci, ya tsaya a nan.

Saura rairayi. An ɗaura wa motar wani ƙaramin geji mai nuna lamba, domin a daina dogara da allura kaɗai. Dattijon ya bi direba ranar kasuwa. A irin tuƙin da ya saba, giya ta biyu da ƙafa a ƙasa, geji ya kai 97 ya tsaya. Ya sa shi ya tsaya, aka duba tayoyi, na baya iskarsu 60 a gejin mai faci. Aka rage zuwa 30, ba a yi ƙasa da haka ba saboda nauyin lodi da kuma tayoyin masu tiyub ne. Aka shiga ƙaramar giyar ogzilari, aka ja ta a ta uku. Gudun bai ragu ba, amma tayoyi sun daina nutsewa, inji yana juyawa da sauri ba tare da an danne shi ba, fanka da famfon ruwa suna bin saurinsa, hayaƙi ya ragu. Geji ya sauko 92. An saya wa direba ƙaramin famfon iska mai aiki da batir, don ya mayar da iskar tayoyi kafin ya hau kwalta.

Mayu zuwa damina

Motar ta ƙarasa bazara ba ta sake wuce 95 ba, ruwan gorar gefe kuma yana nan a kan layinsa. Direba ya daina buɗe murfin lagireto kowace safiya, gorar yake dubawa. An ajiye galan ɗaya na kulant a bayan kujera maimakon jarkar ruwan burtsatse. An kuma koya masa abin da zai yi in ta sake hawa: ya kashe esi, ya tsaya, in dai ruwa bai zube ba kuma fanka tana juyawa ya bar inji yana aiki da 'yar wuta kaɗan har zafi ya sauka, sannan ya kashe. In kuwa tururi ya riga ya fito ko fambel ya tsinke, ya kashe nan take, ya bar murfi sai tiyon sama ya yi laushi.

Da damina ta dawo, duk ranar da motar ta ratsa ruwan taɓo, akan haska tocila ta bayan lagireto a ga ko haske yana fita ta gaba, a wanke ratar kafin taɓon ya bushe.

Hukunci

Tun ranar farko direba ya ba da amsar a cikin bayaninsa. Injin da yake zafi a tsaye da kuma a jan ciki, ya huce da gudu, iska yake nema. A gudun 80 hanya ce take tura iska cikin lagireto, fanka ba ta da wani aikin kirki. A gosulo da rairayi kuwa fanka ce kaɗai. Da famfon ruwa ne ya mutu ko gasket ne ya ƙone, da kwalta ba ta yi mata magani ba, ƙila ma da can za ta fi tsanani. Awon ya tabbatar da haka, domin kuloci da gidan fanka su suka sauke digiri 9, wankin lagireto ciki da waje ya sauke 5. Kuma ukun suna taimakon juna wajen ɓarna. Fankar da ba ta da gida tana jan iska daga gefe, inda ya fi sauƙi, maimakon ta cikin saƙa. Lagireton da ya toshe yana hana iska mai zafi isa fuskar kuloci da wuri, sai ya makara wajen kamawa ko da mai lafiya ne.

Cire tamostat ne gyaran da ya fi cutarwa cikin huɗun. A wannan inji tamostat ba ƙofa ɗaya yake tsaro ba. Idan ya buɗe wa ruwan lagireto hanya, faifansa na biyu yana rufe gajeriyar hanyar da ruwa yake bi ya koma inji kai tsaye. In babu shi, wani kaso na ruwan zafi yana zagayawa ne bai taɓa lagireto ba. Jinkirin hawan allura da safe shi yake ruɗin mutane su ce an samu sauƙi. Sauya famfon ruwa asarar kuɗi ce kawai. Fankar lantarki ta nuna bakaniken farko ya hango batun iska, amma ya ƙara fanka ba tare da ya taɓa wadda take wurin ba, kuma ya tura iskar ne kan bangon taɓo. Ruwan burtsatse ba shi ya fara ciwon ba, sai dai kowace cika tana ƙara ɓawo da tsatsa, murfin da ya mutu kuma shi ya sa ake yawan cikawar.

Da an sauke tof silinda a Afrilu, da alama motar za ta ɗan yi sauƙi, domin a irin wannan aiki akan cire lagireto, wani ya ga taɓon ya wanke. Da sai a ce gasket ne, kuloci da gidan fanka kuma su jira bazara mai zuwa.

Abu biyu ba a gama da su ba. Baƙin hayaƙin motar a ƙarƙashin lodi ya fi ƙima, dattijon yana zargin an taɓa ƙara wa injekta mai don neman ƙarfi, wanda a injin gas yana ƙara zafi, ya ce a kai famfon injekta da nozul a gwada su a kan benci. Alhaji ya ɗaga wannan zuwa bayan kakar riɗi. Na biyu kuma, direba ya nemi a ɗaura ragar sauro a gaban motar don ta tare ƙaiƙayi. Dattijon ya ƙi, ya ce ragar mai ƙananan ido tana cin iskar da aka sha wuya aka dawo da ita. An tsaya a kan raga mai manyan ido wadda ake cirewa, a sa ta daga Oktoba zuwa Disamba kawai, a kakkaɓe ta duk ranar kasuwa.